Abin da Yawu Ya Sani

A tudun Hatton, inda gajimare ke kwana bisa ganyen shayi,
kakata Karuppayi ta shekara arba'in tana tsinka,
kwando a baya, igiyarsa a goshi,
kunci cike da ganyen betil da farar ƙasa.
Duk hanyar da ta bi sai ka ga ja a kan duwatsu,
kamar ta sa wa tudun lalle.

Allura ce ba ta yarda da ita ba.
"Matsattsaku sun sha rabonsu," in ji ta,
"ba ragowar jinin da zan ba likita."

Ran Talata motar asibiti ta hauro da nishi.
Malama Nirmaladevi ta miƙo 'yar kwalba,
tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.
"Iya, ba huji, ba jini. Tofa kawai."

Tun asuba aka hana ta tauna.
Ta zauna tana hararar kowa,
mai tofarwa sau ɗari a wuni,
yau yawu ya yi mata yaji.
Na ce, "Tuna ɗanyen mangwaro da gishiri."
Ta yi tsaki, ta yi dariya, ya tsinke.

Yawun nan na san shi.
Da shi ta laƙaba zare a kafar allura,
da shi ta goge min kwantsa a ƙofar makaranta,
da shi ta shafa gwiwata ranar da na faɗi,
ta ce ya warke, ya kuwa warke.

Kwalba ta tafi Kandy cikin ƙanƙara.
Kwana tara muna haɗiyar namu da ƙyar.

Ashe akwai farin tabo ƙarƙashin harshe.
Ta ɓoye wa 'ya'yanta, ta ɓoye wa madubi,
wata biyar tana cin tuwo ta gefe ɗaya.
Baki ya yi gum, yawu ya kai ƙara.
Likita ya duba, ya yanki ɗan tsoka, ya ce,
"Kun zo da sauran rana."

Yanzu kanumfari take tsotsa, tana mita,
wasu kalmomin na tuntuɓe a bakinta.
Jiya ta tsaya kan tsohuwar hanya,
ruwan sama ya kusa wanke duwatsun.
Ta ce, "Duk shekarun nan,
ashe mai shaida nake zubarwa a ƙasa."
Ta gyara igiyar kwando, ta wuce.