Gurbi Na Shida

Ranar Laraba ce, ana yayyafi,
sanyin Jos ya hana ni riƙe awartaki da kyau,
sai ga wani saurayi, Mudi, daga Gangare,
ya kwance ƙullin hankici a kan teburina
a hankali, kamar mai buɗe ciwo.

Zobe ne. Zinariyar ta yi duhun zuma.
Daimon ɗaya a tsakiya, bai fi ƙwayar dawa ba,
yankan hannu irin na mutanen da,
wanda ba ya ihu a rana,
sai dai ya yi raɗa a gaban fitila.
Lu'ulu'u biyar sun kewaye shi,
sun dafe kamar haƙoran tsohuwa mai fara'a.
Gurbi na shida wayam.

Shekara arba'in da ɗaya ina ƙira a bayan Taminus,
tun kafin wuta ta ci kasuwa,
ban taɓa riƙe irinsa ba.
Na ce, yaro, ina ka samo?
Kada ka ja mini 'yan sanda da furfurata.

Ya yi dariya, ya ce na kakarsa ne, Kande.
Wata Baturiya ta zo da shi a jirgin ruwa,
ta hau na ƙasa har Bukuru,
za ta auri injiniyan kuza.
Ta tarar zazzaɓi ya riga ta ɗaura aure.
Wata uku tana zaune tana kallon duwatsu,
Kande na yi mata wanki da guga.
Ranar tafiya ta zare shi,
ta sa a tafin Kande, ta naɗe mata yatsu,
ba Hausa, ba Turanci.

Bai daɗe a yatsan Kande ba.
Wankin kuza a Dilimi ya kumbura gaɓoɓin,
sai ta rataye shi a wuya da zaren buhu.
Shekarar da kamfani ya kwashe ya bar mana ramuka,
ta ɓamɓare ɗaya da bakin allura.
Ya zama buhu biyu na masara
da kuɗin makarantar uban Mudi.

Baba, cike mini gurbin, baiko saura kwana tara.
Na ce, na yanzu fari ne fat,
zai tsaya cikin waɗannan
kamar baƙo mai sabuwar shadda a zaman makoki.
Je ka zo da mai yatsan.

Barira sunanta, awon ƙasa take yi,
ta shigo da jar laka a takalmi.
Ta karɓi madubina ta kafa a ido,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ba daimon ɗin take kallo ba,
ramin take kallo.

Washegari ta dawo da kwalin ashana,
a ciki ƙwayar kuza, baƙa wuluk.
Na ce, 'yata, wannan ko sisi bai kai ba.
Ta ce, shi ya kawo Baturiyar,
shi ya cinye hannun Kande.
A ba shi wurin zama.

Dare biyu na yi ina fama.
Kuza ba ta san ladabin zobe ba,
sau uku tana tsalle ta faɗa cikin toka.
Da ta zauna, na ɗaga shi gaban fitila:
biyar daga cikin teku, ɗaya daga bayan gida.

Rabin kuɗin aiki na karɓa.
Da suka fita, suna gardamar wa zai riƙe laima,
na tuna Sa'ade, Allah ya jiƙanta.
Shekara talatin tana kawo mini kunu nan wurin,
tana miƙo yatsa cikin wasa,
ina cewa bari in sallami masu jira.

Har yanzu awon yatsanta na nan,
zare ne ja, a gwangwanin ƙusoshi.