Inci Biyu da Rabi

Ran Talata aka jawo ta Magazin,
jar ƙasar Sefwi har cikin kunnuwanta,
doguwa kamar raƙumi, tayoyi masu haƙora.
Shekara tara tana jigilar masu saran katako
a hanyar da ko akuya sai ta tsaya ta yi shawara.

Wadda ta saye ta, Maame Serwaa,
ƙwai take sarowa daga Offinso.
Ta ce, "Masta Labaran, sauke min ita ƙasa.
Ni ba dutse zan hau ba, Kejetiya za ni."

Muka zare tubalan ƙarfen
da aka cusa mata a ƙarƙashin sifirin,
ta durƙusa kamar mai gaida surukai.
Sai farfela ta ce ba da ita aka yi ba.
Tsakanin giya da ƙafar baya wuri ya ƙuntata,
ita kuwa don miƙewa aka ƙera ta.

Mutawakilu, kawo tef.
Kada ka auna tana lilo a kan jak,
wanda ke rataye ba ya faɗin gaskiyar tsawonsa.
Bari ta taka ƙasa da nauyinta.
Nawa ka gani?
Sake.
Nawa ka gani?
Inci biyu da rabi.

Na ja alli daga kunne zuwa kunne
don kada kuros na gaba da na baya
su wayi gari suna gaba da juna.
Zarto ya ci ƙarfe, zobe ya faɗi,
ya gangara ya kwanta a bakin kwata.
Na ɗiga walda wuri huɗu tukuna,
na juya, na duba, na juya,
kana na zagaye ta da wuta
har aka kira la'asar a masallacin 'yan taya.

Daji mai haƙuri ne, yaro.
A can tafiyar hawainiya ake yi,
ko ka karkace, taɓo zai rufa maka asiri.
Kwalta ba ta da kara.
Da allura ta taɓa sittin
duk ƙaryar da ke cikin ƙarfe sai ta yi magana.

Ta kuwa yi.
Mun wuce shataletalen Suame ke nan
madubi ya kama rawar ɗari,
ƙwai guda da na ɗora cikin murfin kwano
ya yi tsalle ya fashe a cinyar Mutawakilu.
Bai yi dariya ba. Ni na yi.

Muka koma ƙarƙashinta har magariba ta wuce,
fitilar waya a baki, sauro a wuya,
muna matsar da wasa guda, ƙarama kamar fesuwa goma,
nan, a'a, nan, ɗan ƙara gaba,
har muka sami inda rawar ke kwana.
Na ɗiga mata wuta a nan.

Da safe ƙwai na biyu ya je Tafo ya dawo
bai ko juya gefe ba.
Maame Serwaa ta ƙirga sidi, ta rage biyar,
ta cike da kiret ɗaya mai tsaga-tsaga.

Zoben nan na tsinto shi daga kwata.
Akwai ƙusa a bayan ƙofar shago
inda nake rataye irinsu, sun kai talatin.
Mutawakilu ya taɓa tambaya ko na sayarwa ne.
Ban gaya masa ni ma tirelar katako na ja ba,
shekara goma sha ɗaya, kafin gwiwa ta ƙi,
kafin Aboabo da ɗaki ɗaya da kuɗin makaranta.

Ban san inci nawa aka cire min ba.
Ina dai tafiya a kwalta ba hayaniya,
sai in ruwa ya sauka a jar ƙasa,
ƙamshin ya shigo shago,
sifana ta ɗan yi rawa a hannuna.