Jirgin Fito na Asuba

Ranar da suka liƙa sanarwa a bakin kogin Danube
cewa jirgin fito na asuba ya daina zuwa,
Tudorel mai ɗaure igiya ya karanta sau biyu,
ya tofa yawu a ruwa, ya koma gida.
Ni malamar makaranta ce, yatsuna sun fi bakina kaifi.
Da yara suka watse na buɗe kwamfuta,
na rubuta koke: jama'a, ku sa hannu, a mayar mana da jirginmu.

Daren farko, mutum tara.
Shida dangina ne.

A dare na huɗu wata ɗaliba a Cluj ta yaɗa hoton
tsohuwa Anghelina tsaye a kan katakon mashiga,
kwandon cuku a hannu, tana kallon ruwan da ba kowa.
Kafin gari ya waye lamba ta kama gudu
kamar mitar wuta a shagon mai walda.
Dubu biyar. Dubu goma sha takwas.
Wani a Toronto ya sa hannu, ya ƙara da hoton zuciya.
Wata a Osaka ta ce har hawaye ta yi.
Ina kwance, waya tana rawa a kan ƙirjina,
na ce: yawa ai shi kan sa zare ya ja dutse.

Dutsen yana Tulcea, a hawa na biyu,
yana da tabarau da fanka, sunansa Parvu.
Na sauke masa suna dubu arba'in da ɗaya.
Ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya juya shafi.
"Ƙauyenku mutum nawa ne?"
Na ce ɗari uku da 'yan kai.
"To, sauran fa, a wane jirgi suke tsallakawa?"
Ya buga hatimi, ya tura takardun ƙarƙashin tukunyar fure.
Tukunyar ta daina karkata.
Nasararmu ta farko ke nan.

Anghelina ba ta taɓa sa hannu ba.
Na kai mata waya, ta ce: "Hannuna yana cikin madara."
Ranar Litinin Tudorel ya tsallakar da su a kwalekwalen su,
biyu biyu, mata goma sha ɗaya,
da cukun da ya rasa kasuwa da kifin jiya.
Suka zauna a barandar Parvu, ba kirari, ba allo,
a tsakiyar zafin Yuli.
Talata ya buɗe taga.
Laraba ya rufe hanci da hankici.
Laraban nan wata 'yar jarida ta hawo da kyamara,
na tambaye ta wa ya gaya mata,
ta ce: "Ni ce ta dubu goma sha biyu da shida a jerinki."

Jirgi ya dawo. Talata da Juma'a kawai.

Har yau gardamar ba ta mutu ba a mashiga.
Tudorel ya ce zuwa da kai ya fi saƙo,
wari ne ya yi aikin, ba suna ba.
Na ce warin da ba a nuna wa duniya ba
tsintsiya da ruwa sun ishe shi.
Anghelina ba ta cikin gardama, tana ƙirga canji.

Koken yana nan a buɗe, na manta yadda ake rufewa.
Jiya da tsakar dare waya ta motsa:
wani a Lima ya sa hannu, wata bakwai a makare,
yana roƙon a ceci jirgin.
Na so in ce masa ya zo ya riƙe mana igiya ranar Alhamis,
ranar da har yanzu muke tsaye muna kallon ruwa.
Sai na rubuta: mun gode.
Na kife wayar.
Gobe Juma'a, sai na tashi ƙarfe huɗu.