Wasiƙa a Cikin Hula

Ranar Laraba ce, ruwa ya ja baya,
laka ba ta gama bushewa a bangon aji huɗu ba.
Na yage takardu goma sha tara daga tsohuwar rajista,
na ce da su: yau babu lissafi.
Kowa ya tuno wanda ya yi masa alheri
bai buɗe baki ya ce komai ba,
ya rubuta masa.

Aka yi tsit,
sai ƙarar fensir a tsakanin haƙora.

Sagiru ya ɗaga hannu:
"Malam, in mutumin bai iya karatu ba fa?"
Na ce rubuta dai, ai yana da kunne.

Lantana ta rubuta wa innarta:
"Na gode da kika bar mini ƙanzo daren jiya
kika ce kin ƙoshi.
Na san ba ki ƙoshi ba."
Na karanta, na juya ina goge allo,
allon da babu komai a kansa.

Tasi'u ya gode wa mai faci na bakin kasuwar Auyo
da ya karɓi ƙwan zabo uku a madadin kuɗi.
Wata ta gode wa akuyarsu saboda ta haifi biyu.
Na ƙyale ta.
Da haka hannu yake sabawa.

Shi kuwa Sagiru, Baba Ɗangoje ya rubuta wa,
mai kwale-kwalen da ya yi kwana arba'in yana fito da su
lokacin da kogi ya cinye hanya,
ko sisi bai karɓa ba,
sai faɗa in an jiƙa littafi.
"Mun gode ƙwarai," in ji yaron,
amma ya manta ƙugiyar harafin.
Na ɗauki jan biro, na ajiye.
Wanda za a kai wa masunci ne,
ƙugiya ba ta ƙare masa a gida ba.

Da la'asar na bi bayansu zuwa mashaya.
Tsohon yana gyaran koma a gindin giginya.
Ya karɓi takarda, ya riƙe ta a kife,
ya ce, "Sammaci ne? Me na yi?"
Yara suka fashe da dariya.
Sagiru ya karɓa ya karanta da ƙarfi,
yana tuntuɓe kan rubutun hannunsa.

Tsoho ya daɗe yana duban ruwa.
"Kai yaro, ni gora kawai na riƙe.
Allah ne ya fisshe ku."
Amma ya ninke ta sau huɗu,
ya cire hula, ya sa a ciki, ya mayar.

An yi girbin shinkafa, an shiga shukar alkama.
Wata Juma'a bayan masallaci ya tare ni,
ya cire hular.
Takardar ta yi ja da gumi, tana warin kifi,
gefenta ya fara cinyewa.
"Malam, sake karanta mini.
Daga inda ya ce ban taɓa barin kowa a baya ba."

Yaba kyauta tukwici, haka muka tashi muka ji.
Ni da nake koyar da shi, sai na dawo gida shiru.
Yayana Ila ya sayar da sansa na huɗa
shekarar da zan tafi makaranta a Gumel.
Damina biyu ya yi noma da fartanya.
Katanga ɗaya ce tsakanina da shi,
kullum da asuba ina jin tarinsa,
shekara goma sha shida ban ce masa komai ba.

Daren nan na yage takarda ta ashirin.
Na kunna cocila, na rubuta "Yaya,"
na zauna.
Yara sun gama nasu kafin a kaɗa ƙararrawa.
Ni har zakara ya yi cara
ina kan layi na biyu.