Kunnen Wistin

A layinmu na Qormi asuba kan zo da ƙamshi biyu:
burodin Grezzju daga hagu,
baƙin man garejin babana daga dama.
Har na girma ban tantance wanne ne ƙamshin gida ba.

Wistin Zammit. Ba shi da takardar kowa,
sai yatsu goma, ɗaya guntu,
fankar lagireto ta ɗebi rabonta tun yana ɗan sha shida.
Akan turo masa motocin da suka gaji,
waɗanda gishirin tekun Malta ya cinye wa gindi,
ya ce, gangar jiki ba ruwana, ku buɗe mini ƙirji.

Sai ya sauke injin bisa benci,
ya jera hanjinsa a kan farin ƙyalle,
ya ɗora fistan huɗu a sikelin maƙerin zinariya.
Wanda ya ɗara 'yan'uwansa da nauyin ƙwayar shinkafa
zai sha magagari har ya san matsayinsa.
Mako uku yana sulɓe hanyar iska da yatsa da haƙuri
don ya ƙwato abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Mama takan ce, wannan ɗan tsibirin,
kafin ka sa giya ta huɗu ka faɗa ruwa,
ina za ka da gudu?
Shi kuwa ya ce, wa ya gaya miki nisa nake nema?

Lahadi, an taso daga coci, sai Hal Far.
Kwalta miƙe, rubu'in mil, taya na ƙauri.
Bai taɓa zama bayan sitiyari a tsere ba.
Jama'a na kallon fitila, shi ya juya baya,
ido rufe, kai a karkace,
yana bin muryar abin da ya gina
har inda ta siranta ta ɓace.

Shekarar da aka haife ni ya yi kwaɗayi.
Ya matse wa kafireta mai, ya ƙara wa wuta gaggawa,
ana saura taku kaɗan injin ya yi tari ɗaya, ya yi shiru.
Kuɗin gyaran rufinmu ne ya tashi a hayaƙin nan.
Damina biyu muna tara bokiti a tsakar ɗaki.
Fistan ɗin na nan kan kanta, kusa da hoton kakata,
da rami a ka, babban yatsa na shiga.
Ba ya yi wa yaran shago wa'azi.
In ya ga idon ɗayansu ya rufe, shi yake miƙa masa.

Ruri na shekara arba'in ba ya tafiya hannu sake.
Kunnen hagu ya fara sallama, na dama ya bi sawu.
Yanzu ƙararrawar coci sai dai ya ga tantabaru sun watse.
Ni ce ke zama da kwamfuta a cinya,
waya a soke cikin mota, ina karanta numfashinta a lambobi.

Jiya wani yaro daga Zejtun ya kawo tasa.
Allo ya ce lafiya lau. Ni ma na ce lafiya lau.
Baba ya taso daga kujerarsa ba wanda ya kira shi,
ya ɗauki dogon sukudireba,
ya kafa bakinsa a jikin injin,
ya cije ƙotar da haƙoransa.
Ya daɗe a haka, gemunsa na rawa.
Sannan ya ɗaga yatsu uku, har da guntun.

Ritienne, na uku na jin yunwa.

Na yi musu, na nuna masa allo.
Bai ko duba ba.
Na kwance fulogi na uku don in ƙure shi,
ya fito fari fat, kamar an tsoma shi a gishiri.

Bai yi dariya ba. Ya goge ƙotar a gefen riga,
ya rataye sukudireban a ƙusarsa,
ya laluba aljihu, ya tsallaka wajen Grezzju
tun burodi bai huce ba.