Asubar Agege

Jirgin ƙasa ke tashe mu
kafin ladan ya gyara murya.
Huwaila ta sake jiƙa katifa,
Mudan na tsala kuka, takalminsa ɗaya ya yi layar zana.

Shayi, burodi, na goya ƙaramin, na ja babbar,
muka tsallake kwatar da ruwan jiya ya cika.
Danfo ya fesa min laka a zane.
Na haɗiye zagin, yara na ji.

A ƙofar makaranta ta gaida maigadi
da Yarbancin da har yau ke harɗe min harshe.
Ya ƙyalƙyale, ya miƙa mata alewa.

Da na dawo,
ga takalmin cikin tukunyar miya.
Wankakkiya ce, Allah Ya so ni.