Rani Uku a Bakin Ramin Kuza

Lambun da Baba ya bar mini taku arba'in ne,
in mai takun bai cika tsawo ba.
Fangali goma sha biyu na latas,
layi uku na karas,
sai kabeji a gindin dutse, inda inuwa ke daɗewa.
Ya ciyar da mu. Bai taɓa ɗinka mana riga biyu a shekara ba.

Bayan shingen ƙyarana akwai fili kwance,
jar ƙasa, tsakuwa, ciyawar da ko akuya ke yi wa kallon raini.
Shekara tara ina leƙensa ta kafar ƙaya
kamar mai azumi a gaban tukubar tsire.

Na Ngo Kangyang ne.
Na je da goro, ta ce haƙoranta sun yi ritaya.
Na koma da kwandon tumatir, ta ce zauna.
Ɗanta Dalyop ya yago takarda daga littafin makaranta
ya rubuta: rani uku, rabin kuɗi yanzu, rabi in karas ya fita.
Ta dangwala yatsa, na dangwala.
Sharaɗi ɗaya ne bai shiga takarda ba:
bishiyar fiya ta kusurwar gabas, kada gatari ya san ta.
Mijinta ya dasa, shekarar da kamfani ya kwashe injinansa.

Kuɗin? Babur ɗina ne.
Yana Bukuru yanzu, ƙarƙashin wani.
In ya wuce ni a hanya nakan gane tarinsa.

Ruwa daga ramin kuza muke ja,
ramin da kakana ya kwashe da kwano a ka
ana biyansa sule-sule.
Ya rasu bai san tafki yake haƙa wa jikansa ba.
Injin ban-ruwan ma na haya ne,
tiyo duk ɗaurin roba, yana tsiyaya ta wuri bakwai.

Ƙasar da yunwarta ta zo.
Kashin kaji buhu talatin ta lashe, ba ta ce uffan ba.
Tokar bola tifa guda daga Gangare,
muka tsince kwalba da leda da hannu,
ni da Sagiru, har yatsu suka daina jin sanyin asuba.

Shi ne ya tambaya. Shekararsa goma sha huɗu,
shekarun da tambaya ke fitowa da ƙaya:
Baba, in mun ƙosar da ita, ta yi baƙi, ta yi laushi,
rani uku ya cika, ta wa za ta zama?
Na ce jawo tiyo.
Amsar tana tsaye a ƙetaren tafki,
turakun siminti masu jan fenti,
da bulo mai tahowa daga Rayfield, ba ya hutun Juma'a, ba ya na Lahadi.

Sati na bakwai koren wake ya yi fure.
Kokwamba ta ɓuya ƙarƙashin ganye tana ƙiba a asirce.
Tsutsa ta cinye mini kabeji fangali huɗu,
dillalin Farin Gada ya cinye na biyar da fatar baki,
wai motar Abuja ta riga ta cika.
Na ƙirga a bayan kwalin magani, na sake ƙirgawa.
Abin da ya rage ya kai taya ɗaya ta babur.

Jiya Ngo ta zo da sandarta,
ta tsaya gindin fiya, ta daɗe.
Ta duƙa, ta damƙi ƙasa, ta shinshina,
ta ce rabon filin nan da wannan ƙamshi
tun mai shi yana da rai.
Ba ta ce za ta ƙara mini shekara ba. Ban roƙa ba.
Na cika mata kwando, ta ɗauki latas,
ta mayar da karas, ta ce a ba masu haƙori.

Gobe da asuba akwai dashen tattasai.
Irin yana nan lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.
Saura rani biyu.